Smaug: jinin Fafnir ne, na dodon Beowulf, ko na macijin Kusugu?

Ɗan'uwa, ka tambaya kan Smaug, mugun dodon nan mai aman wuta na littafin The Hobbit da Tolkien ya fitar a 1937. Wasu sun ce Fafnir ne, dodon tatsuniyoyin arewacin Turai, aka sake wa suna, wasu sun ce dodon tsohuwar waƙar Beowulf ne, wasu 'yan garinmu kuma suka ce ai Sarki ne, macijin rijiyar Kusugu. Kafin a ce wane ya gaji wane, sai a duba ko marubucin ya san labarin, sannan a nemo ƙananan abubuwan da ba za su zo ɗaya don dace kawai ba.

Beowulf dai karatun Tolkien ne, ya koyar da ita a Oxford, har ya yi fitacciyar lacca a kanta a 1936. A waƙar, dodo ya shekara 300 kwance kan dukiya, wani bawa ya saci kofi ɗaya, dodon ya tashi ya babbake gari. Haka Bilbo, tauraron littafin The Hobbit, ya ɗauke kofi mai hannu biyu, Smaug ya farga, mutanen garin bakin tafki suka sha wuta. Amma dodon Beowulf ba ya magana.

Maganar daga Fafnir ta fito, na tatsuniyoyin arewacin Turai, kuma a nan ne hujja ta fi ƙarfi a ganina. Fafnir ya tambayi Sigurd, jarumin da ya kashe shi, sunansa, Sigurd ya ɓoye da farko don tsoron tsinuwa. Smaug ya tambayi Bilbo, shi ma ya amsa da kacici-kacici. Sigurd ya haƙa rami a hanyar da Fafnir ke bi zuwa ruwa, ya soke shi ta ƙasa. Smaug ya lulluɓe cikinsa da zinariya da duwatsu masu daraja, sai ɗan fili a hagun ƙirji, nan kibiyar Bard, maharbin garin bakin tafki, ta shiga. Har tsuntsu mai kai rahoto akwai a duka biyun. Tolkien da kansa ya rubuta a wata wasiƙa ta 1949 cewa Smaug da hirarsa suna da bashin Fafnir a kansu. Inda masu wannan ra'ayi suke zarcewa shi ne cewa da suke yi ai abu ɗaya ne. Fafnir ba dodo aka haife shi ba, mahaifinsa ya kashe don zinariya sannan ya rikiɗe. Smaug kuwa dodo ne tun asali, dukiyar wadanni ya ƙwace ya kwanta a kai shekara 171.

To, namu na Daura fa? Kamar da ke akwai ita ce baƙo ya shigo gari, maciji ya mutu. Daga nan hanya ta rabu. Sarki ba dukiya ya tare ba, ruwan sha ya tare, ba a ɗiba sai ranar Juma'a. Bayajidda ya roƙi tsohuwa Ayana ruwa, ta ce babu, ya karɓi guga ya nufi rijiyar da dare, ya sare kan macijin da makamin da maƙeran Gaya suka ƙera masa. Babu sata, babu gobara, babu neman wurin rauni. Abin da labarin ya fi ba muhimmanci ma bayan kisan yake: masu cika baki suka ce su suka kashe, aka ce a kawo kai, sai baƙon ya fito da shi, Daurama ta yi tayin rabin gari, aka ƙare da aure. Labarin kafuwar sarauta ne, ba na kwaɗayin zinariya ba.

Mai kare ra'ayin Kusugu zai iya cewa Palmer, wani Baturen mulkin mallaka, ya buga labarin Bayajidda da Turanci a 1928, shekara tara kafin The Hobbit. Gaskiya ne, amma buga littafi daban, karanta shi daban. Sai ya kawo wasiƙa ko rubutun Tolkien da ya ambaci Daura, kamar yadda ɓangaren Fafnir suke da tasu a hannu.