Ruwan kalamin a kan ƙarambau: abin da yake yi da abin da ba ya yi

Duk kemis ɗin da ka shiga a Kaduna, daga Kawo zuwa Kakuri, ka ce yaro ya yi ƙarambau, abin da za a fara ɗauko maka daga kanta shi ne kwalbar kalamin. Ruwa ne mai kauri, launinsa tsakanin fari da ja-ja, kuma yana cikin mafi araha a duk abin da za a haɗa maka. Hukuncinmu a kansa shi ne: a saya, yana da amfani, amma amfaninsa ɗaya ne tak, rage ƙaiƙayi. Ba ya kashe ƙwayar cutar, ba ya rage kwanakin jinya, ba ya hana wani ɗauka.

A haɗin da aka fi sani, kashi 15 cikin 100 garin kalamin ne, kashi 5 sinadarin zinc oxide, sai ɗan gilisarin, da wata laka da ake kira bentonite wadda ke riƙe garin kada ya yi saurin kwantawa, da ɗan phenol kamar rabin kashi ɗaya. Saura ruwa ne. Aikinsa ba wani sirri ba ne: idan aka shafa, ruwan yana bushewa ya tafi da zafin fata, sai a ji sanyi, garin kuma ya zauna a kan ƙurjin ya ɗan tsotse damshinsa. Shi ya sa sauƙin ba ya daɗewa. Da sanyin ya wuce ƙaiƙayin yakan dawo, sai dai a sake.

Kafin a biya kuɗi a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, sannan a girgiza kwalbar. Mai kyau yana haɗewa cikin ɗan lokaci. Wanda ya daɗe a kanta cikin zafi garinsa yakan daskare a ƙasa kamar tsohon kullun koko, komai girgiza ruwa ne tsararo zai fito, kuma wannan ba ya aikin komai. A karanta jikin kwalbar kuma: akwai nau'in da aka haɗa da maganin ƙaiƙayi mai suna diphenhydramine. Wannan ba na ƙarambau ba ne, domin ƙurajen da suka fashe suna zuƙar maganin zuwa cikin jini, in kuma ana ba yaron irinsa ta baki abin ya yi yawa, ya kawo ruɗewa da magagi. Zallan kalamin ake so.

Wajen shafawa ne aka fi kuskure. A yi wa yaro wanka da ruwa mai ɗan ɗumi ko mai sanyi-sanyi, ba soso, a ɗauke ruwan da tawul mai laushi ta hanyar dannawa, ba gogewa ba. A girgiza kwalba, a tsiyaya kaɗan a murfi ko ƙaramin faranti, a tsoma auduga a riƙa ɗiga wa kowane ƙurji, a bari ya bushe kafin a sa riga. Sau 3 ko 4 a yini ya isa. Audugar da ta taɓa jiki kada ta koma bakin kwalba. Ba a sa shi kusa da ido, ko cikin baki, ko a al'aura, ko a kan ƙurjin da ya zama gyambo. Abin da ake yawan gani a gidaje, a yi wa yaro fenti da shi daga kai zuwa ƙafa a bar shi kwana uku ba wanka, yana jawo matsala biyu. Ta farko, fata ta bushe ta tsattsage, musamman da hunturu, ƙaiƙayin ya fi na da. Ta biyu ta fi muni: farin ɓawon yana rufe jan da ke nuna ƙurji ya fara ruɓa, sai a makara ba a gani ba. Maganar cewa mai ƙarambau ba ya wanka ba ta da tushe, wankan kullum shi ke rage wa ƙwayoyin cuta wurin zama. Idan fatar yaro mai bushewa ce tun asali, kalamin na kirim ya fi masa na ruwa.

Duk wannan yana da amfani ne idan ƙarambau ɗin ne da gaske. Ana gane shi da yadda ƙurajen ke fitowa rukuni-rukuni: daga ƙirji da baya da fuska da cikin gashin kai, su fara da jan ɗigo, su taso, su ɗauki ruwa garai-garai kamar raɓa, su fashe su yi ɓawo. Saboda sababbi na ci gaba da fitowa har kwana 3 zuwa 5, a jiki ɗaya za ka ga mai ja da mai ruwa da mai ɓawo a lokaci guda. Ƙyanda ba haka take ba, ita tana zuwa da tari da majina da jan ido, ƙurajenta kuma ba sa ɗurar ruwa. Wadda ta fi ruɗarwa ita ce ƙyandar biri, da ta sake ɓulla a Najeriya tun 2017: ƙurajenta sun fi tauri da zurfi, sukan kasance duk a mataki ɗaya, sukan fito a tafin hannu da tafin ƙafa, ga kaluluwa a wuya ko hammata ko matsematsi. Wanda ya ga haka ya ajiye kalamin ya nufi asibiti.

Sai sauran abin da ke shigowa cikin ledar tare da kwalbar, wanda a ganinmu a nan haɗarin yake. Na zazzaɓi, farasitamol kaɗai: miligiram 15 a kowane kilo na nauyin yaro, bayan awa 6, kada a wuce sau 4 a awa 24. Yaro mai kilo 12 ke nan miligiram 180, wato mililita 7.5 na ruwan da aka rubuta 120mg/5ml. A auna da sirinji ko murfin awo, cokalin shayi ba ma'auni ba ne. Asfirin haramun ne ga yaro mai ƙarambau, yana iya jawo ciwon da ake kira Reye, mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hanta, kuma yana ɓuya a cikin wasu magungunan gari na ciwon kai da ake sayarwa a ƙunshi. Ibuprofen ma a bar shi, an danganta shi da mummunar ruɓar fata a masu wannan ciwon. Kafson ampiclox da ake cusa wa mutane "don ya busar da ƙurajen daga ciki" ba ya taɓa ƙwayar bairos da ke haddasa ƙarambau, sai in ƙurji ya yi mugunya kuma likita ya rubuta. Man shafawa mai haɗi uku da ake sa wa kowane ciwon fata yana ɗauke da sitiroyid, wanda ke raunana kariyar fata a daidai lokacin da ake buƙatarta. Toka da farar ƙasa kuwa datti ne kai tsaye a kan buɗaɗɗen rauni.

Abin da ya fi dacewa da kalamin shi ne chlorphenamine, wanda aka fi sani da firiton, musamman da dare don yaro ya samu barci. Ɗan shekara 2 zuwa 5 miligiram 1, ɗan 6 zuwa 12 miligiram 2, babba miligiram 4. Ba a ba jaririn da bai kai shekara ba. A yanke farce, a sa wa ƙanana safa a hannu in za su kwanta, a sa riga sakakkiya ta auduga. Tabon da ƙarambau ke bari har girma, yawancinsa aikin susa ne. In ƙuraje sun fito a baki, kunu ko koko mai sanyi da ruwa a kai a kai, a guji yaji da tsami.

Akwai mutanen da dogaro da kalamin kaɗai ganganci ne a gare su. Babban mutum ya fi yaro shan wuya, kuma shi ya fi fuskantar ciwon huhu, balle mai shan sigari. A gare shi akwai acyclovir, maganin da ke yaƙar ƙwayar cutar kanta, miligiram 800 sau 5 a yini har kwana 7, amma amfaninsa yana cikin fara shi a awa 24 na farko bayan fitowar ƙuraje, don haka ranar da aka gani ita ce ranar ganin likita, a kuma sha ruwa sosai saboda ƙoda. Mai juna biyu da ba ta taɓa yi ba, ko zama kawai ta yi da mai ciwon, ta sanar da wurin awonta a ranar. Cutar na iya taɓa ɗan tayi a makonni 20 na farko, kuma idan ƙurajen uwa suka fito daga kwana 5 kafin haihuwa zuwa kwana 2 bayanta, jaririn yana cikin babban haɗari. Haka jariri sabon haihuwa, da mai cutar da ke karya garkuwar jiki, da mai shan maganin ciwon daji ko sitiroyid.

Ko a yaro lafiyayye, waɗannan alamu na asibiti ne ba na kemis ba: zazzaɓin da ya wuce kwana 4 ko ya tafi ya dawo, ƙurjin da kewayensa ya yi ja ya kumbura yana zafi, numfashi sama-sama, tangaɗi wajen tafiya, sanƙarewar wuya, jijjiga, barcin da ba a iya tashe shi, ƙin shan ruwa, ƙuraje masu jini, ko ƙurji a ƙwayar ido. Asibitin Barau Dikko, da Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da Gwamna Awan a Kakuri duk suna duba yara. Da isa a faɗa wa ma'aikata abin da ake zato, kada a zauna a layi cikin masu ciki da jarirai.

Ta fuskar yaɗuwa kalamin ba ya taɓuka komai. Cutar tana bin iska da ruwan ƙurji, kuma mai ita yana harbin wasu tun kwana 1 ko 2 kafin ƙuraje su bayyana, har sai dukkansu sun yi ɓawo, abin da kan ɗauki kwana 5 zuwa 7. Sai bayan nan yaro ya koma boko da Islamiyya. A gidan yawa, cikin mutum 10 da ba su taɓa yi ba har 9 na iya kamuwa, kuma na gaba yakan nuna alama ne bayan kwana 10 zuwa 21, don haka shirun mako guda ba ya nufin an tsira. Rigakafi akwai shi, wanda Michiaki Takahashi ya samar a Japan a 1974. Allura biyu ce, ana fara ta daga wata 12, kuma biyun suna ba da kariya sama da kashi 90 cikin 100. Ba ta cikin jerin alluran kyauta da ake yi wa yara a asibitocin gwamnati a Najeriya, sai a tambaya a asibitocin kuɗi, a kuma tabbatar an ajiye ta a firiji yadda ya kamata, domin ƙwaya ce mai rai da aka raunana, zafi na kashe ta. Idan aka yi ta cikin kwana 3 zuwa 5 bayan cuɗanya da mai ciwon tana iya hana shi fitowa ko ta sassauta shi. Ba a yi wa mai ciki, ba a yi wa mai raunin garkuwar jiki.

Kwalba mai mililita 100 takan ishi yaro ɗaya in ɗigawa ake yi. In gidan akwai ƙanne da ba su taɓa yi ba, a ɗauki ta 200, a rufe da kyau a ajiye a inuwa inda hannun yara ba ya kaiwa, don ana iya nemanta nan da mako biyu.