Wasiƙa daga Manchester: kafin ka sayi injin buga riguna

Assalamu alaikum ƙanena. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kai da Umma da sauran mutanen gida kuna cikin ƙoshin lafiya.

Ka tambaye ni ko ka sayar da filinka ka sayi irin injin da muke aiki da shi a nan. Kada ka sayar. Injin yana da kyau ƙwarai, amma abin da ya riƙe wannan sana'a a Ingila ba a cikin kwalin injin yake zuwa ba.

DTG ake ce masa. Firinta ce babba: a shimfiɗa tishat a kan faranti, ta shige ciki, tawada ta fesu kai tsaye cikin zaren, a fito da ita a gasa da zafi. Kai a shagonka na bugun raga, inda ake tura tawada ta cikin raga zuwa kan riga, in aka kawo zane mai launi huɗu sai ka ɗaura raga huɗu, ka daidaita su, ka wanke, shi ya sa ba ka karɓar aikin da bai kai dozin-dozin ba. Wannan kuwa hoton fuskar mutum ma yana fitar da shi da duk inuwarsa, ko da riga ɗaya tak ake so. Brother da Epson na Japan su ne na ƙananan shaguna irin namu, kuma sabo dubban fam ne kuɗinsa. Manyan masana'antu suna amfani da na Kornit, wanda ake maganar dubban ɗaruruwan daloli.

Masu kawo mana aiki yawanci samari ne da 'yan mata masu ƙaramin tambarin kayan gayu, tishat masu faɗi da rigunan sanyi masu hula. Yaro zai zana abinsa a waya, ya buga guda ashirin ko talatin, ya sanar a Instagram cewa ranar kaza za su fito, kuma in sun ƙare ba a sakewa. Ƙarancin shi ne yake ja musu kasuwa. Duk sun san labarin tambarin kayan gayu na Corteiz, wanda wani matashi ɗan asalin Najeriya mai suna Clint ya fara a Landan a 2017, har kamfanin Nike ya yi haɗin gwiwa da shi a 2023. Sun san Virgil Abloh, ɗan iyaye 'yan Ghana, wanda a 2012 ya riƙa sayen riguna da aka riga aka ɗinka yana buga musu zanensa, daga baya ya zama mai tsara kayan maza a Louis Vuitton. Ka lura da abu guda: Abloh bugun raga ya yi, irin naka. Har gobe idan oda ta kai ɗaruruwa, bugun raga ya fi araha, ya kuma fi jure wanki. Amfanin sabon injin shi ne yaro mai ƙaramin jari ya gwada kasuwa ba tare da ya tara kayan da ba za su sayu ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa tun zuwana shi ne ita rigar kanta kafin a buga mata komai. Tawadar DTG auduga take so, a kan yadin roba ba ta zama da kyau. A nan ana sayar da tishat da nauyinta a rubuce: ta yau da kullum giram 150 zuwa 180 a kowace murabba'in mita, masu kayan gayu kuwa sun fi son mai kauri, 220 zuwa sama, wadda take tsayawa a kafaɗa. Cikin kamfanonin da ke yin irin waɗannan rigunan akwai Gildan na Kanada, Stanley/Stella na Beljiyam, AS Colour na New Zealand. Ka yi oda yau da rana, gobe direba ya ajiye maka kwali a ƙofa. In ka koma bayan wata shida ka nemi baƙa mai girman da ka saya a baya, ita za a kawo maka, launi ɗaya, tsawo ɗaya. Kantin Kwari ta fi duk inda na shiga a ƙasar nan yawan yadi iri-iri, wannan ba gardama. Sai dai mai tambari ba yawan iri yake nema ba, so yake abin da ya sayar wa wani a watan azumi ya zama shi ne dai zai sayar wa abokinsa bayan Babbar Sallah. A gida ka sani, dilar yau daban, ta gobe daban, kuma takardar wuya takan ce auduga alhali rabi roba ce.

Abin yana taɓa ni, domin garin nan da auduga aka gina shi. A nan aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya a 1902, kuma audugarmu na cikin abin da suka sa wa rai lokacin da layin dogo ya isa Kano a 1911, sai manoma suka zaɓi gyaɗa. Atamfa 'yar Ingila da iyayenmu mata ke ji da ita, a Hyde ake buga ta, nan kusa, kafin a mayar da aikin Ghana. Yau tsofaffin masaƙun sun zama gidajen haya, kamar yadda na Kakuri suka yi shiru, kuma da yawan rigunan da muke bugawa daga Bangladesh ake ɗinko su.

Yanzu ga inda injin zai ba ka wahala. Kafin a buga baƙar riga sai an fesa mata wani ruwa, an gasa, sannan a shimfiɗa farar tawada a ƙasa, launuka su hau kanta. Farar tawadar nan nauyi gare ta, in aka bar ta sai ta kwanta kamar ƙullin koko, ta toshe bakin da ke fesawa. Don haka injin yana son wuta dare da rana, yana juya tawadarsa yana wanke kansa. Yana kuma son ɗaki mai ɗan laima, wajen kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, marar ƙura. Ka tuna hunturun Kano, lokacin da leɓe ke tsagewa, ga ƙura ta ko'ina, ga wutar da ba ta da tabbas. A nan in baki ya toshe, waya ɗaya za mu yi injiniya ya zo da sabo. Kai sai ka jira a turo daga waje, shago a rufe.

Wanda zai yi maka shi ne DTF. Ana buga zanen a kan wata leda, a barbaɗa garin gam a bayansa, a gasa, sannan a ɗora a riga a danne da injin guga mai murfi, zafi wajen digiri 150, daƙiƙa goma sha biyar ko ƙasa. Yana kama auduga, yana kama roba, har jaka da hula. Abin da nake so ka ji da kyau shi ne, da yawan ƙananan shaguna a nan ba su da firintar sam. Sukan jera zane-zanensu a kwamfuta, su tura wa mai babban inji, ya buga musu ledar a kan mita, gidan waya ya kawo. Injin guga kawai suka mallaka. Ka fara haka: ka nemi mai buga leda a Kano ko Shomolu ta Legas, ka sayi injin guga mai kyau wanda zafinsa yake daidai daga tsakiya har gefe. Aibinsa guda shi ne, inda zanen ya rufe iska ba ta shiga. Babban zane cike da ƙirji a watan Afrilu gumi zai tara wa mutum, don haka ka riƙa yin zane mai rata, ko ƙarami a gaba babba a baya. In wata rana ka sayi firintar, ka fitar da hayaƙin garin gam ɗin waje, kada yaranka su riƙa shaƙa.

Mai saye ma a nan doka ta tsaya masa. Wanda ya sayi kaya ta intanet yana da kwana 14 ya fasa, sai dai in an yi masa su ne musamman da sunansa ko zanensa, kuma kaya mai lahani yana iya mayarwa cikin kwana 30. Wannan ne ya sa mutum yake tura kuɗi ga yaron da bai taɓa gani ba. Haka kuma ba a wasa da tambarin wani. A unguwar Cheetham Hill ta nan Manchester, daga 2022 'yan sanda suka rufe tarin shagunan jabun kaya. Mu ko an kawo mana alamar wani kamfani da kuɗi a hannu ba ma taɓawa.

Akwai inda kuka fi mu nesa ba kusa ba. Aikin hannu a nan tsada ne da shi, ko ɗinka ƙaramar alama a wuyan riga sai an caje ka. Kai kuwa ga tela a layinku, ga masu surfani, ga marinar Ƙofar Mata, kuma rinin hannu irin wannan kuɗi mai kauri ake biya a kansa a nan. Shi ya sa nake jin ciwo in na ga samarinmu suna buga sunayen biranen Amurka a ƙirji, ga dagin Arewa, ga aska takwas, ga zanen da ke jikin gine-ginen Zariya, ga rubutun ajami. Ayoyin Alƙur'ani dai ka nisanta su daga riga, ko wa ya kawo maka.

Duk wanda zai riƙa buga maka leda, ka karɓi samfuri tukuna. Ka manna a riga, ka wanke ta da hannu sau goma da irin sabulun da ake wanki da shi a gida, ka shanya a rana, ka ja zanen ka ga ko zai tsage ko gefensa zai ɗago. Ka turo mini hotonta tare da zanukan da kake da su, zan nuna wa mai gidana ya faɗa mana waɗanda layinsu ya yi siriri da yawa. Ka gaida Umma, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a.