Abin da ƙungiya za ta duba kafin ta zaɓi manhajar aiki

Ƙungiya mai zaman kanta da ta gaji da tarin takardu da ajiye komai a kwamfutar sakatare tana da hanyoyi uku: ta yi hayar ma'ajiya a intanet daga manyan kamfanoni, ta ɗauki manhajar da aka sake wa kowa kyauta, ko ta ba mai ƙirar manhaja kwangila ya gina mata tata.

Hanya ta farko ita ta fi jan hankali, domin Google da Microsoft duk suna ba ƙungiyoyin agaji masu rajista imel da ma'ajiya ba tare da biyan kuɗi ba. Na Google ya fi sauƙi ga tsofaffin kwamfutoci, na Microsoft kuwa ya fi dacewa da ma'aikatan da hannunsu ya faɗa a kan Word da Excel. Sai dai kyautar kamfani ba gado ba ce. A watan Yulin 2025 Microsoft ya daina ba da lasisi 10 na Business Premium kyauta, ya bar Business Basic wanda manhajojinsa ke aiki ta intanet da waya, ba a girke a kwamfuta ba. Ƙungiyar da ke son tsohon tsarin dole ta biya, kuma wanda ya ga yadda naira ta faɗi tun daga Yunin 2023 ya san nauyin farashin da ke bin dala. Salesforce, kamfanin manhajar ajiye bayanan abokan hulɗa, shi ma yana ba da lasisi 10 kyauta, amma saita shi yana buƙatar ƙwararre, don haka ban ga amfaninsa ga ƙungiyar da masu tallafa mata ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Hanya ta biyu kuwa, a aikin tattara bayanai a karkara, hukuncinta a bayyane yake. Google Forms ba ya aika komai sai da intanet, alhali KoboToolbox, wanda aka sake wa kowa kyauta kuma ya samo asali daga Jami'ar Harvard, yana karɓar amsoshi a wayar Android ko babu sabis, ya tura su idan an dawo gari, kuma ana iya rubuta tambayoyin da Hausa.

Hanya ta uku ita ce na fi tsoro, saboda sau da yawa mai ƙirar kan sami wani aiki ya tafi da makullin. Idan ba makawa, a rubuta a yarjejeniya cewa manhajar da bayanan mallakar ƙungiya ne, kuma a buɗe babban asusun da imel ɗin ƙungiya, ba na wani ma'aikaci ba, tun da Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa ƙungiyar alhakin sunaye da lambobin mutanen da take tallafa wa.

Mai sayen kwamfutar da aka taɓa amfani da ita kuma ya tabbatar tana ɗaukar Windows 11, domin Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025.