'Yar shugaban ƙasa mai maciji a jaka

Ƙanwata ce ta turo min littafin a waya, ta ce "Yaya, ga irin taki." Ƙagaggen labari ne da Turanci, an gina shi a kan rayuwar Alice, babbar 'yar Theodore Roosevelt, wanda ya mulki Amurka daga 1901 zuwa 1909. Dare huɗu na yi ina karanta shi bayan yara sun kwanta.

Don rashin jin yarinyar na buɗe shi, kuma ban yi asara ba. Shekararta 17 aka harbe Shugaba McKinley, ubanta da ke mataimakinsa ya hau mulki, ta shiga fadar White House ta hana kowa sakat. Tana yawo da ƙaramin koren maciji a jakarta, har suna ta raɗa masa, Emily Spinach. Uban ya hana ta shan sigari a ƙarƙashin rufinsa, sai ta hau saman rufin ta kunna. A 1905, a jirgin ruwan da ya kai tawagar Taft, ministan yaƙi na lokacin, Japan da Filifin da Sin, ta faɗa kwamin wanka da kayanta a jiki. Ranar aurenta da Nicholas Longworth a 1906, da takobin wani soja ta yanka kek. Shi kansa uban ya ce ko dai ya riƙe ƙasa ko ya riƙe Alice, biyun ba za su haɗu masa ba.

Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. An haife ta ranar 12 ga Fabrairun 1884. Kwana biyu tsakani mahaifiyarta ta rasu, kakarta ta wajen uba ma ta cika a ranar, gawa biyu a gida ɗaya. Uban ya miƙa jaririyar ga yayarsa Bamie, ya tafi Dakota kiwon shanu. Sunan uwar yarinyar ta ci, shi kuwa ba ya iya furta shi, ba ya kuma yi mata zancen marigayiyar. A nan marubuciyar ta nuna gwaninta. Ba ta tsaya tana yi min bayani ba, sai kawai ta zaunar da Alice a teburin cin abinci, ga ƙannenta 'ya'yan Edith, matar da uban ya aura daga baya, an kewaye su da hira, ita tana neman abin da za ta ɓarar don a waiwayo ta. Na ajiye wayar na yi shiru, don na san yarinya irin wannan a danginmu, kuma fitinanniya muke ce mata.

Inda littafin ya ƙure ni shi ne tsakiya. An cika shi da raye-raye da riguna da wa ke son wa, har na riƙa tsallake shafi. Sai ga 1912, shekarar da ubanta ya fito takara da Taft, wanda ya gaje shi a mulki, mijinta ya bi Taft, ita ta bi uba, aure ya fara tsami, an wuce wannan da gudu kamar ana korar marubuciyar. Mutuwar 'yar Alice ɗaya tilo, Paulina, a 1957, ita ma ta fi ƙarfin 'yan shafukan da aka ba ta.

Turancin ba mai wahala ba ne, sai dai sunayen 'yan siyasa sun yi yawa, na koma rubuta su a bayan takardar cefane. Alice ta kai shekara 96, sai 1980 ta rasu, kuma tsufanta na so a ƙara min, lokacin da bakinta ya fi kaifi. Na ba shi huɗu cikin biyar.