Kafin ka sayi kayan ɗaukar hoton karen gasa

Mai neman hoton karensa a tsayuwar gasa yakan fara da tambayar wace kyamara zai saya. A ganina gilashin da za a ɗaura wa kyamarar ya fi ita kanta muhimmanci, sannan abin da karen zai taka.

Dalili kuwa yana cikin tsayuwar. A manyan gasa irin Crufts ta Ingila, wadda ta faro a 1891, da Westminster ta Amurka mai tarihi tun 1877, alƙali daga gefe yake ƙare wa kare kallo, galibi ta hagunsa. A yawancin jinsuna ƙafafun gaba su sauko miƙe daga ƙarƙashin kafaɗa, na baya a ɗan ja su baya har sashen da ke ƙasa da gaɓar dunduniya ya tsaya sak, gadon baya ya fito sarai, kai a ɗage. Karen makiyayan Jamus tasa tsayuwar daban ce: ƙafar baya ɗaya a ƙarƙashin ciki, ɗayar a miƙe can baya. Aikin hoto shi ne ya nuna wannan ƙira yadda take, ba ƙari ba ragi.

A nan wayar hannu ke gazawa. Babban gilashin yawancin wayoyi mai faɗin gani ne, kwatankwacin milimita 24 zuwa 26 (a ma'aunin gilashi, ƙaramar lamba faɗin gani ce, babba kuma janyo nesa). Sai ka matso kusa kafin kare ya cika hoton, kuma duk abin da ya fi kusa da gilashi kumbura yake yi. Sai ka ga ƙaton kai da 'yan ƙafafu, a zalunci kare mai kyan ƙira ba gaira ba dalili. Idan wayar tana da gilashin janyo nesa na ainihi, mai ninki 3 ko 5, za ta fitar da kai kunya a waje mai haske. Janyowar da ake yi da yatsa a waya marar wannan gilashi yanke hoto ne kawai, ingancinsa ke raguwa.

Ga mai sayen kyamara, zaɓin yakan tsaya tsakanin gilashi uku. Na milimita 50 ya fi sauƙin kuɗi da nauyi, kuma a kan kyamara mai ƙaramin firikwensi, wato farantin ciki da ke karɓar hoton, yana aiki kamar 75 ko 80, ya ishi ƙaramin kare a kan tebur. Na 85 yana narkar da bayan hoto da kyau, sai dai ba ya zuƙowa, ƙafarka ce za ta yi ta kai da komo. Na 70 zuwa 200 shi na fi amincewa da shi, don kana can nesa a durƙushe kana daidaita hoto ba tare da ka motsa ka ɗauke wa kare hankali ba. Iri biyu ne, mai f/2.8 da mai f/4; lambar f ma'aunin buɗewar ƙofar haske ce, ƙaramar lamba ta fi shigar da haske. Na farkon ya fi tsada da nauyi nesa ba kusa ba, amfaninsa a zauren gasa mai ƙarancin haske ne. Wanda a fili zai riƙa ɗauka, mai f/4 ya wadatar, tunda dama sai ya tsuke zuwa f/5.6 ko f/8 kafin ƙafafu huɗu su fito tas. Saurin ɗauka kada ya gaza 1/500 na daƙiƙa, domin kunne da wutsiya ba sa jiran kowa. Jikin kyamara kuwa, ko na hannu ne mai 'yan shekaru, zai yi.

Ko wane gilashi ka saya, sai ka sauko daidai kafaɗar kare, ka fuskanci tsakiyar jikinsa. Hoto daga tsaye gajarta masa ƙafa yake yi.

Sai wurin takawa. Karen da ke jin santsi ba zai saki jiki ba, zai ƙanƙame yatsu ya ranƙwasa baya. Tabarmar roba mai kauri ita ce sayayya mafi araha da ta fi biyan buƙata. Mai ƙaramin jinsi yana buƙatar tebur mai shimfiɗar roba wanda ba ya girgiza, don a tebur alƙali ke duba irinsu. Girgiza shi da hannu kafin ka biya. Akwai kuma 'yan dakali huɗu da ake ɗora kowace ƙafa a kai don koyar da tsayuwa. Na horo ne, ba na hoto ba. In za ka saya, ɗauki gajeru masu faɗi, kada zaman ya yi tsawo, kuma kada ka bar ɗan kwikwiyo a kansu shi kaɗai.

Igiyar wuya siririya ake so, mai launin gashin karen, a ɗaga ta can sama bayan kunnuwa don kada ta yanke layin wuya. Mai zargen daidaitawa ta dace da ƙanana, siririyar sarƙa ta fi riƙe manya masu ƙarfi, amma tana iya cin dogon gashi. Idan karenka mai gashi ne kuma wuyansa ya kusa kai faɗin kansa, nemi irin wadda ke tsukewa zuwa wani mizani ta tsaya, ba ta shaƙewa kuma ba ta zamewa ta kai.