Ɗan jagoran da ya zagaya da mu fadar sarakunan Warsaw

Tunda na dawo Bauchi 'yan majalisarmu ta Wunti suke ta tambayata wai me ya fi burge ni a Poland da na je bikin gama karatun ƙanena, to ga amsa a nan kowa ya huta. Fadar sarakuna ce ta Warsaw, kuma gaskiya ɗan jagoran da muka ɗauka shi ya sa na san abin da nake kallo.

Da farko na so mu yanki tikiti kawai mu shiga, ƙanena ya ce Yaya ka daure mu biya mai jagora, in ba haka ba ado kawai za ka gani ka fito. Ashe ya yi gaskiya. Tun a waje mutumin ya nuna mana agogon hasumiyar ya ce ranar 17 ga Satumba 1939 da Jamus suka yi wa fadar ruwan bam ya tsaya a 11:15, sannan a 1944 suka dasa nakiya suka rushe ginin ƙurmus, wato duk abin nan da muke gani sabon gini ne, an fara a 1971 aka buɗe wa jama'a a 1984, kuma da kuɗin karo-karo na mutanen ƙasar da 'yan uwansu mazauna waje aka yi shi.

Inda ya kama ni shi ne cikin ɗakunan. Sai ya tsaya ya ce ku dubi adon bangon nan, wani ɓangare yana ƙyalli wani ya ɗan dushe, to dusashshen shi ne na asali, ma'aikatan gidan tarihi ne suka ɓamɓaro suka ɓoye lokacin yaƙi da kasadar ransu, da aka zo gini aka mayar da kowane yanki gurbinsa. Wallahi jikina ya yi sanyi, nan take ginin Babban Gwani na Kafin Madaki ya faɗo min a rai, da ganuwarmu da muke kallo tana zaizayewa. Ya kai mu ɗakin zanen Canaletto, wani mai zane ɗan Italiya da ya zana birnin Warsaw, zanen da aka duba wajen sake gina tsohon garin bayan yaƙi, da zauren da aka amince da tsarin mulkin Poland na 3 ga Mayu 1791.

Matsalarsa ɗaya sauri, wasu na jiransa, zanen Rembrandt, shahararren mai zane ɗan Holland, guda biyu ma a tsaitsaye muka gan su, kuma Turancinsa sai ka kasa kunne sosai. Amma duk tambayar da na yi sai da ya amsa ba ƙosawa. Wanda Allah ya kai shi ya nemi zagayen safe, ya kuma ce a ƙara masa lokaci a ɗakin Canaletto.