Garin citta da na saya a kasuwar Wudil

Ranar Juma'a na sayi kwalbar garin citta a wani shago da ke kasuwar Wudil, kuma ingancinsa ya gamsar da ni: cittar Kachiya ce, ta niƙu lilis, ƙamshinta kuwa tun kafin a buɗe murfi yake dukan hanci. Abin da ya ɓata mini rai shi ne rubutun jikin kwalbar, wai tana warkar da ciwon sukari. Gaskiya ne masu bincike sun ga citta ta rage sukarin jinin ɓerayen da aka sa wa ciwon da allurar streptozotocin, amma ragewa ce a jikin ɓera, ba warkewar mutum ba. Mahaifiyata tana zuba shi a kunu da safe, sai dai ban yarda ta ajiye ƙwayoyin metformin na ciwon sukari da likita ya rubuta mata ba.